Waƙoƙi Iri Ɗaya A Faifai Biyu

Tun ba yau ba Hausawa sun san cewa kiɗa iri biyu ne, akwai na tara jama'a, akwai kuma na zama a saurara. Idan aka buga tambari aka busa kakaki a ƙofar fada, ko mutumin bayan gari ya san Sarki zai fito. Amma marigayi Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yakan sa mutum ya matso kusa ya kasa kunne don kada kalma guda ta wuce shi. Abin da ba a cika gani ba shi ne makaɗi ɗaya ya haɗa hanyoyin nan biyu a cikin aiki guda. A Amurka ƙungiyar kiɗan rok mai suna Foo Fighters ta gwada haka a 2005, ta fitar da tagwayen faifai mai suna "In Your Honor", na farko mai ƙara da jitar lantarki, na biyu mai sanyi da jitar katako. To, amma su waƙoƙin kowane faifai dabam ne da na ɗan'uwansa. Wanda ya ɗauki waƙoƙi iri ɗaya ya yi su sau biyu maƙwabci ne daga Jamhuriyar Nijar, watau Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar.

Shi wannan makaɗi Ba'abzine ne, haifaffen jihar Tawa, bahago ne kuwa, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, "Anar", a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin finafinan Hausa, sa'an nan waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka ƙetare hamada. A watan Mayu na 2024 shi da abokan kiɗansa uku suka fitar da "Funeral for Justice", watau jana'izar adalci, faifai mai ƙara kamar saukar aradu. A farkon 2025 kuma suka biyo da "Tears of Injustice", hawayen zalunci ke nan, inda suka sake yin waƙoƙin da jitar katako da kayan kiɗan gargajiya.

Waɗannan faifai biyu su ne suka haɗa wani dattijo da wani saurayi gardama a Suleja. Dattijon mutumin Abzin ne, ya shigo Nijeriya yana matashi a lokacin farin 1984 bayan dabbobin gidansu sun ƙare, ya yi gadi a garuruwa da dama kafin ya zauna a wani shagon kayan gini a bakin hanyar Kaduna. Saurayin kuwa yana da 'yar rumfa kusa da shagon, yana cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi. Shi ne ya fara kunna faifan mai ƙara a lasifikarsa, ya ce, "Baba, ga mutanenku nan sun girgiza Turawa." Dattijo ya saurara yana hura gawayin shayinsa, ya gane harshen, ya gane salon kiɗan, amma bai ce uffan ba. Bayan watanni da yaron ya samo na biyu ya kunna masa da dare, sai tsohon ya ajiye butar ya ce, "Ɗana, rage muryar, kuma ka maimaita mini wannan."

Hujjar saurayin a fili take. Ya ji an ce waƙoƙin suna magana a kan Faransa, da ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 aka yi ta kai wa Turai, alhali ƙauyukan da ke kewaye da ramukan suna kwana cikin duhu. A ganinsa wanda aka yi wa irin wannan bai kamata ya yi magana ƙasa-ƙasa ba, kuka ya kamace shi da iyakar ƙarfinsa. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Tamashek, harshen da Hausawa ke kira Buzanci, amma ya ce jitar kaɗai ta isa ta gaya masa mutumin nan ransa a ɓace yake. A nan yaron yana da gaskiya, domin kuwa da wannan ƙarar ce Mdou Moctar ya cika dandali a Amurka da Turai, a gaban mutanen da ba su san inda Agadas take ba.

Dattijon bai musa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, a faifan farko jita yake ji, a na biyu kuwa magana yake ji. Akwai waƙa guda, "Imouhar", wadda ke kira ga Abzinawa su riƙe harshensu kada ya salwanta. Wannan ta taɓa shi ƙwarai, saboda 'ya'yansa a Suleja aka haife su, Hausa suke yi da Turancin makaranta, in ya yi musu magana da harshen kakanninsu sai su amsa da Hausa. Sau da yawa ya ji waƙar a lasifika ba ta kama shi ba, sai da aka sauke ƙarar kalmomin suka fito sarai.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi faifan na biyu ya samu. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, lokacin makaɗan suna yawon wasa a Amurka. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Abuja suka yanke shawarar rufe iyakoki da hana jiragen sama zirga-zirga, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Mutum uku daga cikin makaɗan 'yan Nijar ne, suka rasa hanyar komawa gida, har masoyansu suka yi karo-karo don ɗaukar nauyin zamansu. Cikin wannan zaman jira ne suka shiga ɗakin ɗaukar murya a unguwar Buruklin ta birnin Niyok, suka sake yin waƙoƙin cikin kwana biyu. Shi faifan mai ƙara an riga an ɗauke shi tun kafin juyin mulkin.

Wannan shawara da aka yanke a Abuja, tafiyar da ba ta kai ta rabin yini ba daga rumfar cajin, ta shafi dattijon kamar yadda ta shafi makaɗan. A cikin watannin da iyaka take rufe wansa ya rasu a Abzin. Ta waya aka gaya masa. Hanyar da ta rage ta ɓarauniya ce, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, ga shi ƙarfi ya ja baya, don haka a bakin shagon ya karɓi gaisuwa. Ba a janye takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. Da saurayin ya ba shi labarin yadda aka yi faifan, sai ya ce dama ya ji a jikinsa, muryar wanda ba ya gida ba ta ɓuya.

Ba abin mamaki ba ne a fahimci irin wannan murya a Suleja, garin da waɗanda suka bar gida suka kafa. Jihadi ne ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, kuma har yanzu Sarkin Zazzau ake kiran mai sarautar garin. Bayan dokar kafa sabon babban birnin tarayya ta 1976, sunan ma aka ɗauka aka ba birnin, garin ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen da suka riƙe sunan Zazzau kusan shekara ɗari biyu a nesa da Zazzau sun san abin da Ba'abzine yake tsoro in ya ce harshensa zai ɓace.

Saboda haka kada mai son kiɗa ya ɗauka faifan mai sanyi ragowa ne, ko hutun makaɗi bayan ya gaji. Ƙara takan kai kuka ga wanda ba ya jin harshen mai kukan, ta sa baƙo ya waiwayo ya tambayi abin da ya faru. Amma in ana son 'yan gida su ji abin da aka ce, har su gyara wani abu a cikin gidajensu, dole a sauke murya. Makaɗan Hausa na zamani, waɗanda na'ura ke neman haɗiye musu kalmomi, za su amfana in suka saurari faifan nan biyu a jere. Allah Ya mai da kowane matafiyi gidansa lafiya, amin.