Daƙiƙa uku na shiru a ɗakin lacca

A shekarata ta biyu a sashen koyon aikin jarida, akwai wani malami da muka laƙaba wa suna Shifta a bayan idonsa. Yakan shigo da wani littafin rubutu da takardunsa suka yi ja don tsufa, ya tsaya ya karanta mana na tsawon sa'o'i biyu muna rubutawa, har aya da waƙafi sai ya faɗa. Idan ya ce "akwai tambaya?", kafin mutum ya ɗago kai ya riga ya buɗe shafi na gaba. Masani ne na gaske. Na gane haka ne daga baya, ranar da na karanta wata maƙalarsa na ji kamar ba shi ya rubuta ba. Amma a ajinsa ban kwashi komai ba sai abin da na haddace na juye a takardar jarrabawa.

Na daɗe ina ganin baƙinsa, har ranar da edita ya tura ni ɗauko rahoton wata bitar kwana uku da aka shirya wa malaman wata jami'a kan dabarun koyarwa. Na tafi ina sa ran jawabai da jaka da biro da layin sa hannu a takardar alawus, kuma ranar farko ba ta ba ni kunya ba. A rana ta biyu ne aka raba su rukuni-rukuni, aka ce kowa ya koyar da abokan aikinsa na minti goma, ana ɗaukarsa da kyamarar waya, sannan a zauna a kalla tare. Dabarar ta daɗe. A Jami'ar Stanford ta Amurka aka fara ta a 1963, don horar da masu shirin zama malaman makaranta.

Wani farfesa da ya shafe fiye da shekara ashirin yana koyarwa ya ga kansa a bidiyon. Rabin lokacin ya ba wa aji baya yana magana da allo. Sau huɗu ya yi tambaya, sau huɗu ya amsa wa kansa. Da farko dariya ya yi, sai kuma ya yi shiru. Mai jagorantar zaman, wata dakta daga tsangayar ilimi wadda a haife ya haife ta, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ba kai kaɗai ba ne." Ta ba su labarin Mary Budd Rowe, wadda ta nazarci azuzuwa a Amurka ta gano cewa malami kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya, kuma idan ya daure ya kai daƙiƙa uku, amsoshin ɗalibai kan ƙara tsawo, masu amsawar ma su ƙaru. Farfesan ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin kaina ina koyarwa ba."

A nan ne na yafe wa Shifta. A Nijeriya, wanda zai koyar a firamare sai ya yi NCE, ya fita gwajin koyarwa, wani ya zauna a bayan aji yana duba shi, kuma akwai hukumar TRCN da aka kafa da dokar 1993 don yi masa rajista. Malamin jami'a kuwa da darajar digirinsa ake ɗaukarsa, mako mai zuwa a miƙa masa ɗalibai ɗari uku. Me zai yi in ba abin da ya ga an yi masa ba? Daga nan kuma abin da zai kai shi gaba shi ne maƙalu a mujallun ilimi. Masu tantance wanda zai zama farfesa rubuce-rubucensa ake aika musu, ba sa zuwa ajinsa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya tura malamai masu yawa karatun digiri na biyu da na uku da halartar taruka, kuma alheri ne babba, sai dai digirin dakta mai bincike yake samarwa. Birtaniya ta fuskanci wannan giɓin bayan rahoton Dearing na 1997, kuma a yau jami'o'inta da dama kan sa sabon malami ya yi kwas na koyarwa kafin a tabbatar masa da aikinsa.

Ko sauya salo yana da tasiri? A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi. Inda lacca zalla ake yi, kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne suka faɗi. Inda ake sa su tattaunawa da warware matsala a cikin aji, kimanin kashi 22.

Da aka karanta waɗannan alƙaluma a wurin bitar, wani matashin malami ya miƙe a fusace. Ya ce ajinsa ya haura ɗari huɗu, babu lasifika, wuta sai an ga dama, na baya a kan taga suke zama, a gaya masa yadda zai yi "tattaunawa". An ba shi amsa da dabarar Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, wadda don manyan azuzuwa aka yi ta: ka jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya nuna amsarsa da yatsu, ka ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi cikin minti biyu, sannan a sake nunawa. Ba ta buƙatar majigi ko janareta. Amsa ce mai kyau, amma ina ganin rabin ƙorafinsa kawai ta taɓa. Bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, an matse zangunan karatu, kuma malamin da aka ce ya gama manhaja a gurguje, ga tarin takardun da zai duba, shifta ce mafi sauƙi gare shi. A ƙarshen shekarar hukumar NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS. Wannan ta sauya abin da za a koyar, yadda za a koyar kuwa yana hannun mutumin da babu mai leƙa ajinsa.

Shi ya sa ba na yarda da bitar da ke ƙarewa da hoton rukuni da takardar shaida. In da za a ji tawa, da kowane sashe ya sa malamai biyu-biyu suna zama a ajin juna sau ɗaya a zango, a kuma ba abin maki a fom ɗin ƙarin girma, ko da kaɗan ne. Rahotona bai faɗi wannan ba. An yanke shi zuwa sakin layi shida, huɗu daga ciki jawabin shugaban jami'a ne.

Bayan wata biyar na roƙi farfesan ya bar ni in zauna a bayan ajinsa. Ya ce, "Zo mana, ɗan jarida, amma ban da kyamara." Ya yi tambayar farko, ya kai hannu baya yana ƙirga yatsu. Aji ya yi tsit, har wasu suka fara kallon juna suna zaton ya manta abin da zai ce. Wata ɗaliba daga can kusa da ƙofa ta ɗaga hannu, ta amsa ba daidai ba, ya ce wa na kusa da ita ya gyara mata. Tambaya ta biyu ma ya jira. A ta uku ya dubi agogo, saura minti bakwai, ya amsa wa kansa ya juya ga allo.