Akta Ba Ya Mutuwa



Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Sabon Gari ta gefen Titin Faransa ya san ƙananan teburan nan na masu tura fina-finai a waya. Kwamfuta ɗaya, tarin wayoyin caji, benci, sai wata 'yar lasifika mai ƙara fiye da girmanta. Ɗaya daga cikin teburan na wani ɗanmu ne a zumuntar matasa, wanda ya daɗe yana kaɗa mana ganga ranar Lahadi. Ba za mu faɗi sunansa ba, da wannan sharaɗin ya yarda mu ba da labarin. Batun ko daidai ne a riƙa tura fim ɗin da ba a biya masu shi ba, mun sha yin gardama da shi a kai, kuma ba shi ya kawo mu yau ba.

Mu da muka haura arba'in mun tashi da fina-finan Indiya da na Cana, kuma doka ɗaya muka sani: akwai akta, akwai bos, kuma akta ba ya mutuwa. Ko an jefa shi daga kan dutse zai taso ya karkaɗe riga. A watan Afrilu na 2018 kamfanin Marvel ya karya wannan doka. A fim ɗin Avengers: Infinity War, bos ɗin, Thanos, ya haɗa duwatsu shida, ya ƙyasta yatsu, rabin masu rai suka zama ƙura, fim ya ƙare a haka. Cikin waɗanda suka zama ƙura har da T'Challa, sarkin Wakanda.

Wannan ne ya fi yi wa yaranmu ciwo. Wata biyu kacal kafin nan aka saki Black Panther, suka ɗauke shi nasu. A farkon fim ɗin an rubuta sunan dajin Sambisa ƙarara, an nuna ana kuɓutar da mata daga hannun 'yan bindiga, kuma babu wanda ke cikinmu da yake buƙatar a yi masa bayanin abin da ake nufi. Maƙwabtansa a kasuwa, 'yan kabilar Ibo masu sayar da kayan lantarki, suna alfahari cewa rubutun Wakanda ya aro daga nsibidi, tsohon rubutun kudu maso gabashin Najeriya. Sai ga sarkin ya watse kamar toka.

Shekara guda cur aka yi ana jiran ci gaban labarin, kuma a shekarar nan teburin ɗanmu ya zama majalisa. Mun sha tsayawa a wurin idan mun shiga sayayya, mu ce minti biyar, mu tarar an kusa rufe kasuwa. Ana tsayar da fim, a koma baya, a ƙura ido. Doctor Strange ya ce ya leƙa hanyoyi 14,000,605 da yaƙin zai iya ƙarewa, a ɗaya kawai aka yi nasara, to me ya sa ya miƙa dutsensa da hannunsa? Wani ya ce matattun suna kulle ne a cikin dutsen rai. Wani ya ce Ant-Man, wanda ko fitowa bai yi a fim ɗin ba, shi zai buɗe hanyar komawa baya cikin lokaci. Wani mai gyaran agogo, dattijo, da bai taɓa kallon ko ɗaya ba, ya riƙa tsoma baki yana cewa duk ƙarya ce, amma bai taɓa tashi daga bencin ba.

Ɗanmu shi ne gwanin wurin, kuma hujjarsa ta ɗan kasuwa ce. Ya ce, "Baba Fasto, Black Panther ya kawo musu sama da dala biliyan ɗaya. Ka taɓa ganin mai nono ya yanka saniyar da ta fi tatsuwa? Zai dawo." Da Avengers: Endgame ya fito a Afrilun 2019, T'Challa ya dawo, batun komawa baya cikin lokaci ma ya tabbata. Inda ya faɗi shi ne kan wanda zai mutu: ya rantse Captain America ne, sai ga shi Iron Man ne. An yi mako guda ana tsokanarsa, ya saya wa majalisa zoɓo, magana ta wuce.

Ba mu ga laifin wannan ba, har yau ma ba mu gani ba. Wasan ƙwaƙwalwa ne, ɗan'uwan kacici-kacici da kakanninmu ke yi mana da dare. Masu fim ɗin ma sun san da shi, da gangan suke zuba tsaba. Sukan ɓoye wani ɗan guntun fim bayan jerin sunayen ƙarshe don mutane su zauna su gani. A tallan Infinity War sun nuna Hulk yana gudu cikin rundunar Wakanda, alhali babu wannan a fim ɗin. Ciniki ne: muddin kuna gardama, kuna yi musu talla kyauta. A farkon 2021, lokacin da ake nuna WandaVision mako-mako, masu kallo a duniya suka haƙiƙance cewa Mephisto ne ke bayan komai, wani shaiɗani da ya fara fitowa a littattafan zane na Marvel a 1968. Ƙuda ya gifta, Mephisto ne. An ga jan launi, Mephisto ne. Har bayan nazarin Littafi Mai Tsarki wasu suka tare mu suna tambaya ko sunan yana cikin Nassi. Ba ya ciki, daga wata tsohuwar tatsuniyar Jamus aka samo shi. An gama kashi tara na shirin, Mephisto bai leƙo ba. Aka yi dariya, babu wanda ya ji rauni. Haka iyayenmu mata ke yi da Labarina da Daɗin Kowa, wa zai auri wa, wa ke munafuntar wa.

Amma kafin wannan dariyar akwai wani abu da ya faru, wanda ya kamata ya tsayar da mu, bai kuwa tsayar da mu ba. A Afrilun 2020, daidai lokacin da aka kulle Kano saboda korona, kasuwa a rufe, majami'u a rufe, Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin T'Challa, ya sa wani bidiyo a Instagram yana magana kan taimaka wa asibitoci da kayan kariya. Mutane ba su saurari abin da yake faɗa ba, ramarsa suka gani. Majalisarmu ta koma WhatsApp a lokacin, kuma da irin kayan aikin da muka yi wa Thanos muka yi masa. Aka tsayar da hoto, aka ƙura ido. Wani ya ce wani sabon fim yake ramewa dominsa. Wani ya ce ƙwaya ce, ai ka san 'yan fim. An yi barkwanci, mu ma mun tura alamar dariya. Ranar 28 ga Agusta, 2020, ya rasu yana da shekara 43. Iyalinsa suka sanar cewa tun 2016 yake fama da ciwon dajin hanji. Wato duk tsalle da faɗan da muka gani a Wakanda, tsakanin tiyata da shan magani ya yi su. Aka yi shiru a zauren kwana biyu, sannan aka koma gardamar ko Marvel za su sa wani a gurbinsa.

A 2022 ɗanmu ya fara ramewa.

Da farko ya daina zuwa koyon waƙa ranar Alhamis. Sai ya koma zama a bencin baya ranar Lahadi, kusa da ƙofa, yana fita kafin a sa albarka. Sai aka ga teburinsa babu kwamfuta, aka ce ya sayar. Wata 'yar'uwa ta gan shi da sassafe a wajen Fagge yana fitowa daga wani lungu da ƙaramin ƙunshi yana cusawa a aljihu. Wani ya ce idanunsa sun canza launi. Kuma kowa a Kano ya san abin da kodin da ƙwayoyi suka yi wa matasa, tun kafin binciken BBC na 2018 da ya sa gwamnati ta hana maganin tarin mai kodin. Ba a daɗe ba aka haɗa labari, kowane guntu ya shiga gurbinsa tsaf. Wanda ya nuna shakka sai a ce masa ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya fi ba mu kunya idan mun tuna shi ne yadda abin ya yi daɗi. Ba mu kira shi gulma ba. Muka kira shi damuwa, muka kira shi roƙon addu'a. "Mu sa ɗan'uwanmu cikin addu'a, kun dai san halin da yake ciki." Da wannan jimlar labarin ya kai kunnen waɗanda ba su ji ba. Mu kuma da aka ɗora wa kiwon garken nan, muka yi abin da muke ganin hikima ne: muka cire shi a hankali daga cikin masu ƙirga baiko, ba tare da mun ce masa komai ba. Daga majami'a zuwa teburinsa bai kai tafiyar minti goma sha biyar a adaidaita sahu ba. Watanni huɗu ba mu je ba.

Mahaifiyarsa ce ta zo gida wata Asabar da yamma. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma, ta kwance bakin zaninta ta ciro wani kati ta ajiye a gabanmu. Katin shan maganin tarin fuka ne, an yi masa alama rana bayan rana. Ta ce, "Fasto, me ɗana ya yi muku?"

Maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi. Gwamnati na ba da shi kyauta, amma ba ta ba da abinci, ba ta biyan kuɗin mota, kuma mai shan sa yana buƙatar ci sosai. Shi ke ciyar da gidan, ga shi ba ya iya wuni a kasuwa, shi ya sa kwamfutar ta tafi. Ƙunshin da aka gani maganinsa ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yakan sa fitsari da hawaye su yi ja-ja, abin da aka gani a idonsa ke nan. Ya bar mawaƙa ya koma bakin ƙofa ne don an gaya masa cutar na bin iska, ba ya so ya shafa wa yara. Ya ɓoye kuma don ya san yadda ake gudun mai tari a kasuwa, wa zai miƙa masa waya? Duk alamun da muka tara gaskiya ne, ko ɗaya ba a ƙirƙira ba. Labarin da muka ɗinka da su ne ƙarya.

A makarantar tauhidi mun yi zango guda a kan littafin Ayuba, mun kuma yi wa'azi a kansa ba sau ɗaya ba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zo sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, daga baya suka shiga bayanin abin da lalle ya aikata har wannan ya same shi. Kullum mukan tsaya a mumbari mu soke su. Amma su aƙalla sun je, sun zauna a ƙasa tare da shi, kuma a gabansa suka faɗi zatonsu har ya sami damar musantawa.

Washegari bayan sujada muka je gidansu. Muka roƙi gafararsa, muka faɗa masa dalilin cire shi daga ƙirgar baiko, ko da yake ya riga ya sani. Ya ce, "Ba komai, Baba Fasto." Duk Bahaushe ya san akwai "ba komai" iri biyu. A taron zumunta na gaba muka faɗa wa matasa gaskiyar magana da izininsa, aka yi karo-karo aka saya masa wata kwamfutar, ta hannu. Ya karɓa, ya yi godiya. Ya gama magani, ya warke, jikinsa ya dawo. Yana zuwa sujada. Gangar dai wani yaro ne ke kaɗa ta har yanzu, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fi yaɗa maganar ba su taɓa zuwa sun ce masa komai ba, suna ganin karo-karon ya wadatar.

A ƙarshen Yulin 2024 aka sanar a wani babban taron masoya littattafan zane a San Diego ta Amurka cewa Robert Downey Jr., wanda ya yi Iron Man, zai dawo Marvel, amma a matsayin bos, Doctor Doom. Mako guda bayan haka muka shiga kasuwa sayen kwan lantarki na majami'a, muka bi ta teburinsa. Majalisa ta cika, har dattijon nan mai agogo. Ɗanmu na tsaye yana bayani da hannu biyu, wai wannan Tony Stark ne na wata duniyar dabam wanda abubuwa suka lalace masa, wani kuma na ce masa sam, sabon mutum ne, fuskar ce kawai ɗaya. Da ya hango mu ya matsa mana wuri a benci, ya aika yaro ya kawo ruwa.

Da jama'a suka ɗan ragu muka ce, "Ɗana, bikin Kirsimeti na matsowa, mawaƙa na neman mai ganga."

Ya ci gaba da duba wayar wata mata da ke jira, ya cire memori, ya hura, ya mayar. Ya ce, "Zan duba, Baba Fasto." Sannan ya juya ga matar ya tambaye ta ko na Indiya take so ko na Hausa.