Tsakanin Kufai da Kwari: Tafiya a Duwatsun Adar

Akwai wani hoto da ya zagaya duniya, har ya shigo littattafan da muke koyar da yara da su: hoton Macu Picu, garin duwatsu da Inka suka gina a kan tsaunukan ƙasar Peru wajen shekarar 1450, wanda Ba'amurke Hiram Bingham ya bayyana wa duniya a 1911, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 1983. Ɗalibi a Madawa ko Buza yana iya gane wannan hoto da kallo ɗaya. Amma a tambaye shi wa ya zauna a kufan da ke bisa dutsin da yake gani kullum daga ƙofar lakwal ɗinsu, sai ya yi shiru, sau da yawa mushen nasa ma ya taya shi. Wannan shirun ne ya sa na ɗauki jakata bayan an gama girbi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, na bi hanyar da ta tashi daga Madawa ta ratsa Buza da Keita ta fita Tawa, ina yada zango inda dare ya same ni.

Mai karatun da bai san Adar ba zai so a fara kwatanta masa ƙasar. Dutsin Adar bai yi tsini kamar na Ayar ba. Samansa shimfiɗe yake kamar faifai, baƙaƙen duwatsu masu nauyin ƙarfe sun rufe shi, sai sabara da ƴan ƙayoyi nan da can. Mutum yana tafiya a wannan fako yana zaton haka zai ci gaba har bangon duniya, kwatsam sai ƙasa ta tsage a gabansa, ya hangi kwari can ƙasa, kore shar, da gawo da mangwaro da fadamun albasa, da rumbunan laka masu ƙaton ciki kamar tuluna sun kewaye gari. Arzikin Adar kaf a cikin waɗannan kwaruruka yake, tsaronta kuwa a da can bisa duwatsun yake.

A ƙasar Karofane na fara hawa. Wani dattijo da na sauka a gidansa, bayan an kawo hura mun sha (a nan ba a cewa fura), ya ji abin da ya kawo ni, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ka taho daga birni, mi za ka gani ga kufai? Duwatsu na kawai."

Na ce, "Baba, duwatsun nake son gani."

Da sassafe ya ɗauki sandarsa muka kama hanyar awaki. Ya girme ni da shekaru masu yawa, amma sau uku yana tsayawa yana jirana, yana yi kamar wani abu yake dubawa a ƙasa don kada in ji kunya. Da muka kai sama, da farko ban ga komai ba sai duwatsu, kamar yadda ya faɗa. Sai da ya fara nunawa da sanda idona ya buɗe. Ga da'irar duwatsu, gindin ɗaki ne. Ga wasu manya guda biyar ko shida a jere kusa da juna, a kansu rumbu ya zauna don kada gara ta ci. Ga dutsin niƙa, cikinsa ya lotsa har ya kusa hudewa, na tsaya ina tunanin yawan hannayen da suka gaji a kansa kafin ya kai haka. Katangar tukwane kuwa ko'ina ka taka sai ka ji ta tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. A bakin gangaren da ya fi sauƙin hawa akwai sauran shingen duwatsu da aka jera ba tare da laka ba, ya rushe amma layinsa bai ɓace ba.

Na tambaye shi inda suke samun ruwa. Ya nuna mini can ƙasa, inda kwarin yake, ya ce mata ke sauka kafin gari ya waye, maza da baka da kwari suna rakiyarsu. Na dubi hanyar da na hawo hannu sake ina haki, na ƙiyasta ta da tulu cike a ka. Ba wanda zai zaɓi irin wannan zama don marmari. Tsoro ne ya hau da mutane, zaman lafiya ya sauko da su.

Tarihi ya tabbatar da abin da duwatsun ke faɗa. Mazaunan farko na wannan ƙasa su ne Azna, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake kira Aznan ramu, domin labarinsu ya ce daga kogunan dutsi kakanninsu suka fito. Adar ta zauna ƙarƙashin ikon Kabi, har zuwa 1674 da Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi ya karɓe ƙasar. Shi ne tushen sarautar Sarkin Adar, wadda ta zauna a Birnin Adar kafin daga baya ta koma Illela. Ƙarni na 19 kuwa bai bar talakan Adar ya huta ba: jihadin Sakkwato daga kudu, yaƙe-yaƙen Muhammadu Jilani a farkon ƙarnin, hare-haren Iwillimmidan daga arewa, ga Kel Gres daga gabas, kowa da lokacin da yake karɓar rabonsa na hatsi da dabbobi da mutane. A 1901 Faransawa suka karya Kel Gres a Galma, kusa da Madawa, suka kawo nasu irin nauyin na haraji da aikin tilas, amma harin mahaya ya ƙare, garuruwa suka riƙa gangarowa kusa da ruwa ɗaya bayan ɗaya. Marigayi Farfesa Djibo Hamani ya rubuta wannan tarihi a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. Da Faransanci yake, kuma ban taɓa ganinsa a ɗakin karatun wata makarantar karkara ba. Jikokin mutanen da aka yi littafin a kansu su ne suka fi kowa nisa da shi.

Da muke saukowa ta wani gefe dabam muka ci karo da tsibin wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule masu ƙyalli, masu ramuka kamar saƙar zuma. Dattijon ya ce kashin ƙarfe ne, nan maƙera suke narka tama. Adar ƙasar maƙera ce tun asali, domin dutsinta kansa tama ne. Bafaranshiya Nicole Echard ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960, ta ɗauki fim ɗin yadda suke gina murhu su narka tama, ta sa masa suna Noces de feu, wato auren wuta, saboda yadda maƙeran ke ɗaukar aikin tamkar aure da haihuwa. Ko a lokacin sana'ar tana gab da mutuwa, don ƙarfen tsofaffin motoci ya fi araha da sauƙi. Yau maƙerin Karofane yana ƙera hauya da gatari kamar kakansa, amma a ba shi tama a ce ya fitar da ƙarfe, sai dai ya ba ka labari.

A hanyar Keita, inda gangaren ya yi fari da farar ƙasa, yara makiyaya suka kawo mini wasu ƴan duwatsu masu siffar dodon koɗi da wasu kewayayyu masu zanen tauraro a baya. Halittun teku ne da suka zama dutsi. Shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ne ya shimfiɗu a nan, ya ratsa inda Sahara take a yau, kuma ɓawon halittunsa ne ya taru ya zama farin dutsin da masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti. Na ba yaran wannan bayani, babbansu ya dube ni, ya dubi fakon da ko ciyawa babu, ya yi murmushin da ake yi wa baƙon da ba a son ƙaryatawa.

Kafin nan na kwana biyu a kwarin Majiya. Wanda ya hango shi daga sama zai ga dogayen layuka na dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, sun yanka kwarin daga gefe zuwa gefe, bibbiyu a jere, tsakanin layi da layi kamar mita 100. A 1975, bayan farin 1973 da 1974, aka fara dasa su a wajen Garadume, da taimakon ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona ta kuma binne shuka tun tana ƙarama. Binciken da aka yi daga baya ya nuna hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili yawa da kusan kashi 20 cikin 100. A wasu wurare layin ya yi giɓi, gatari ya shiga ba a maye gurbi ba. A wasu kuwa itatuwan sun tsufa da mutuncinsu, ana sassabe su bisa ƙa'ida ana samun itacen gini da na wuta.

Keita ce ta fi riƙe ni. A 1984, shekarar da damina ta ƙi, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta, aka buɗe babban aikin raya karkara da kowa ke kira Furoje Keita, da kuɗin Italiya, da kulawar FAO, PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Mazan Adar, kamar yadda aka sani, ƴan ci-rani ne. Kaka na wucewa sun kama hanyar Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya. Saboda haka mata ne suka yi mafi yawan aikin. Su suka tsinci duwatsu suka ɗauka a ka, suka jera shingaye bisa fako, suka haƙa dubban ramuka a jikin gangare don ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya kwarara ya haƙa kwazazzabo, suka cika ragar waya da duwatsu aka datse ƙoramu. Cikin kimanin shekaru 20 an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya, don tun kafin furoje manomin Adar yana jera duwatsu a gonarsa don tare ruwa da ƙasa, yana kiran abin gandari.

Na hau wani gangare da yamma na dubi waɗannan layuka suna bin jikin dutsi hawa-hawa, sai na tuna matakalan gonakin da Inka suka gina a Pisak da Olantaitambo, a kwarin kogin Urubamba. Matsalar iri ɗaya ce: ƙasa mai gangare, ruwa mai gudu, baki mai yawa. Nasu ginin ya fi namu ƙawa nesa ba kusa ba, ba na musun haka, don sun sassaƙa dutsi sun haɗa shi har wuƙa ba ta shiga tsakani. Amma masu ginin Peru sun shuɗe shekaru 500, sai hasashen masana, alhali masu ginin Keita da yawansu suna nan da rai. Na gaida wata tsohuwa da ke tsinkar ganyen kuka a gefen gari, na ce, "Inna, ko kin yi aikin furoje?" Ta ajiye ƙwaryarta ta miƙo mini tafin hannunta biyu, sannan ta nuna wani gangare da bagaruwa ta rufe, ta ce da goyo a bayanta ta yi wancan, yaron yanzu yana da mata biyu. Ban ga allo ko ɗaya da ke ɗauke da sunan ire-irenta ba.

Daga can na nemi Birnin Adar. Sunan ya fi garin girma yanzu: ƙauye ne na manoma, kamar maƙwabtansa, wanda baƙo zai wuce bai san ya taka mazaunin sarauta ba. Agadas, inda Agabba ya fito, ta shiga jerin UNESCO a 2013, saboda hasumiyarta da fadarta suna tsaye ana gyara su. Garin laka da aka daina yaɓewa damina kaɗan ke mayar da shi ƙasa, abin da ke saura sai dutsi da baki. Dutsin ma ba shi da tabbas. A wurare biyu na ga amalanken jaki tana saukowa da duwatsun kufai za a kai su gindin sabon gini, kuma ban iya ganin laifin mai amalanken ba, don duwatsu ne da aka riga aka tara masa wuri ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa ce masa suna da wani amfani da ya wuce wannan.

Nan ne nake ganin aikin ya faɗo kanmu, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu, kuma ba aiki ba ne mai jiran kuɗin waje. Kusan kowace lakwal a ƙasar Buza da Keita tana da kufai da za a iya isa da ƙafa a dawo kafin azahar. Aji ɗaya, da dattijo ɗaya, da littafin rubutu, da wayar da ke ɗaukar murya da hoto, sun isa a ƙirga gindin ɗakuna, a auna shinge da taki, a rubuta sunan wurin da na zuriyar da ta sauko daga cikinsa da dalilin saukowarta, da Hausar mutanen wurin yadda suka faɗe ta, ba tare da an gyara musu hura ta koma fura ba. Kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya wajen maigari, ɗaya a aika wa cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wadda ta buga littafin Hamani. Sharaɗi guda ne: kada a bar yara su kwaso katanga ko dutsin niƙa su kawo gida, don abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin labarinsa. A wasu wuraren ma akwai dutsi ko itacen da masu garin ba su yarda a taɓa ba, sai a tambaya kafin a hau.

Dattijon Karofane ya lissafa mini gidaje tara da suka sauko daga dutsin da muka hau, da unguwar da kowannensu ya kafa a ƙasa. Da na karanta wa babban jikansa jerin da daddare, gida uku ya gane, cikinsu har da nasu.