A bakin teku, bayan hanyar Gwanja

Yawancinku ba ku taɓa ganin teku ba. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na gulbi, da tabki irin na Madarunfa, da kogin Isa. Duk waɗannan suna da ƙetare. In ka tsaya a wannan gaɓa, kana hangen waccan. Ni kuwa na je bakin wani ruwa wanda ido ba ya ganin ƙetarensa.

Ku ɗauko taswira, ku sa yatsa a kan Bawku, can arewa maso gabashin Gana, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Ta nan na shiga ƙasar a wani hutu na watan Disamba. A Bawku baƙo daga wajenmu ba ya ɓata: ana jin Hausa a zango da kasuwa, ga kuma manyan motoci ɗauke da albasar Galmi. Daga nan na gangara Yendi, inda fadar Ya Na take, wato sarkin Dagomba. Daga Yendi sai Salaga.

Salaga ita ce babbar kasuwar ƙasar da kakanninmu suke kira Gwanja. Fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, madugu a gaba, jakuna a baya. Suna kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro. Tafiyar wata da watanni ce. Amma yawancinsu a Salaga suke tsayawa, domin sarakunan Asante ba su barin fataken arewa su wuce kudu. Mutum sai ya tsufa a kan wannan hanya bai ga teku ba.

Ni na wuce. A Makango na shiga jirgin fito, muka ƙetare tabkin Bolta zuwa Yeji. Tabkin ƙato ne, amma aikin mutum ne: madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, ita ta tara ruwan. Daga can sai Kumasi, sai Takoradi. Bayan Takoradi hanya ta ƙuntata, ta yi gargada, ta ratsa gonakin itatuwan roba da na kwakwar manja, har wani ƙauyen masunta mai suna Akwida. Nan na samu wani saurayi mai jin Hausa, ya yarda ya raka ni. Muka kama sawu, muka nufi yamma, wajen tsinin ƙasar da taswirarku ta faransanci take kira «Cap des Trois-Pointes», wato tsini uku. Babu inda ya kai shi kudu a duk faɗin Gana.

Kunne ne ya fara sanin teku kafin ido. Muna cikin kurmi na ji ruri kamar na hadari mai nisa, alhali sama garau take. Iska ta canza wari. Sai muka sauka ta wata siririyar hanya tsakanin duwatsu, ina dafa nan ina dafa can. Da na ɗaga kai, sai ga shi.

Wurin ɗan lungu ne. Baƙaƙen duwatsu sun tsare shi dama da hagu, kurmi da itatuwan kwakwa sun tsare shi ta baya. A tsakiya akwai yashi mai laushi, tsawonsa bai wuce filin ƙwallo biyu ba. Babu rumfa, babu mai talla, babu rediyo. Sawun da ke kan yashin duka na ƙaguwa ne da tsuntsaye. Ƙaguwar nan launinta ɗaya da yashi, ba ka ganinta sai ta ruga a karkace ta faɗa rami.

Hausa tana kiran igiyar ruwa «raƙuman ruwa». Wanda ya raɗa wannan suna ya iya kallo. Suna tasowa daga nesa a jere kamar ayari, kowane da tozonsa. In sun iso sai su doki dutse, farin kumfa ya tashi ya fi tsayin ɗaki, ya zubo, wani ya biyo baya. Ba su hutawa dare da rana. Su ne suka sassaƙe duwatsun nan, suka yi musu kogo da kaifi.

Na ɗebi ruwan a tafin hannu na ɗanɗana. Gishiri! A cikin lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Ku yi lissafi: nawa ke cikin bokiti mai lita 10? Na tuna da azalai masu ratsa Tenere zuwa Bilma domin gishiri, ga shi nan kuwa babu mai awo. Sai dai duk yawan ruwan nan ba ya kashe ƙishirwa, ba a ba dabba, ba a ban-ruwa da shi.

Malami ba ya barin halinsa ko a hutu. Na kafa kara a daidai inda ruwa yake tsayawa, na zauna a inuwa ina duba agogo. Bayan awa biyu ruwan ya ja baya, ya bar karan a tudu. Duwatsun da ke ɓoye suka fito, da ƙananan kududdufai masu ƴan kifaye. Haka teku yake yi: ya janye wajen awa shida, ya dawo wajen awa shida, sau biyu a kwana ɗaya. Wata ne yake jan ruwan, rana kuma tana taya shi. Da faransanci ana ce wa wannan «la marée».

Wani tsoho masunci ya same mu a can, da koma a kafaɗa. Na gaishe shi, saurayin yana fassara. Na ce: «Baba, ana wanka a nan?» Ya girgiza kai. Ya ce: «Malam, samansa kawai kake gani. Ta ƙasa ja yake yi. Ko mu da aka haifa a nan muna zaɓen wuri.» Ya nuna mini wata ƴar hanya a cikin ruwan, inda babu kumfa, wuri lumui. Ya ce nan ne ya fi haɗari, domin ta nan ruwan da ya hau gaɓa yake komawa da ƙarfi. Ya ƙara da cewa ran Talata ba su fita su, kamar yadda ake yi a garuruwa da yawa na gaɓar Gana.

Shi ne kuma ya nuna mini wani sawu mai faɗi, kamar na tayar mota, daga ruwa zuwa gindin itatuwa. Kunkurun teku ce ta fito da dare. Takan haƙa rami, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe, ta koma. Bayan kusan wata biyu ƴaƴan su fito su ruga cikin ruwa. Tana son wurin da babu fitila, babu hayaniya. Dokar Gana ta hana kama ta da ɗibar ƙwanta.

Daga kan dutse na hangi hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, ginin 1925. Kudu da ita babu wata ƙasa sai Antaktika, ƙasar ƙanƙara.

Akwai abin da ya hana ni jin daɗin wurin har zuciya. A kan wani tudu kusa da Akwida akwai kangon ganuwa, saiwoyi sun naɗe shi. Turawan Jamus ne suka gina shi fiye da shekara 300 da suka wuce. Irin waɗannan gidaje suna jere a gaɓar Gana, kuma a da yawa daga cikinsu an tsare mutane a ɗakunan duhu kafin a loda su cikin jirgi zuwa Amurka. Ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da mutane. A ƙarni na 18 Asante ta fi ƙarfin Gwanja da Dagomba, ta riƙa karɓar haraji na bayi. Wasu daga cikinsu sun iso har bakin teku. Na yi ta tunanin yaro ɗan arewa, sa'anku, wanda bai san ruwan da ya wuce na rijiya ba. Ni da ƙafata na zo, da kuɗin komawa a aljihu. Shi da igiya a wuya ya fara jin wannan ruri.

La'asar sakaliya saurayin ya ce: «Malam, mu tashi, ruwa zai rufe hanya.» Karan da na kafa ya riga ya nutse. Na cika kwalba ɗaya, muka hau duwatsu, kumfa yana taɓa mana ƙafa.

Da na dawo gida na kai kwalbar wata makaranta. Muka zuba ruwan a faranti, muka ajiye a rana. Bayan kwana biyu ruwa ya ƙafe, farin gishiri ya rage a gindin faranti. Yara suka yi layi, kowa ya dangwala da yatsa ya lasa.