A Jos Na Ga Masallacin Zariya Na Da

Kwanan baya wani abokina da ya dawo daga Faransa ya cika mini kunne da labarin fadojin sarakunansu na da. Ya ce ya shiga fadar Bersai, inda Sarki Luwi na 14 ya mai da mazaunin mulkinsa cikin 1682, ya kuma ga ta Shambor wadda aka soma ginawa cikin 1519. Yau babu sarki a Faransa, amma fadojin suna nan tsaye, talaka ya biya kuɗin ƙofa ya shiga har ɗakin barcin sarki. Da ya gama sai ya tambaye ni, mu ina namu? Na rasa amsa. Wannan tambaya ce ta kai ni Jos.

Mai karatu zai yi mamaki, don Jos ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina, haƙar kuza ce ta raya shi a zamanin Turawa. To, amma a nan ne wani Baturen Ingila, Bernard Fagg, ya kafa gidan kayan tarihi cikin 1952, inda aka ajiye kawunan yumɓu na mutanen Nok. A kusa da shi kuma akwai wani fili mai faɗi da aka keɓe domin gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Wani masanin gini daga ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi ya tsaya a kan aikin cikin shekarun 1970. Ya riga ya zagaya ƙasar nan yana auna tsofaffin gine-gine yana zana su a takarda, sa'an nan aka samo magina suka tayar da kwatankwacinsu da ƙasa, daidai girmansu.

Na isa da hantsi, sanyin Jos bai gama sakin jiki ba. Abin da ya fara tare mini ido shi ne wani yanki na ganuwar Kano, ga kauri ga tsawo, sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshenta. Akwai kuma kwatankwacin wani sashe na gidan Sarkin Katsina, da masallaci irin na Ilori.

Inda na fi daɗewa shi ne kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya. Na asalin, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba ƙarfe, ba siminti. Tubali ne da azara, aka ɗaura bakan gizo daga wannan ginshiƙi zuwa wancan har suka ɗauki rufin, aka kuma ƙawata bango da zane. Ciki da sanyi, murya kuwa ko ba a ɗaga ta ba tana kaiwa nesa. Cikin shekarun 1970 aka yi wa masallacin Zariya sabon gini na zamani wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Watau Bazazzagin da ke son ganin yadda masallacin kakanninsa yake daga waje, sai ya hau mota ya zo Jos.

Wani dattijo da na tarar yana duba bango ya ce da ni, “Ɗana, ginin dutse ana gadonsa, ginin ƙasa kuwa kiwonsa ake yi.” Ya bayyana mini cewa in damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa zai sami hanya, azara ta ruɓe, soro ya zauna. Ga shi kuwa ruwan Jos ya fi na Kano yawa. Na tambaye shi ko 'ya'yansa sun koyi ɗaurin guga. Ya yi murmushi ya ce, “Duk sun koma bulo.”

A nan na sami amsar da zan ba abokina. Muna da namu, sai dai ba ya jure sakaci. Faransawa ma ba dutse kaɗai ya tsare musu fadojinsu ba. Suna zuwa, suna biya, suna koyar da masu gyara, kuma tun 1984 kowace shekara cikin watan Satumba akan buɗe wa jama'a tsofaffin gine-gine su shiga su gani. Mu kuwa a kan idonmu aka haƙe wurare da yawa na ganuwar Kano, aka yi gidaje a kansu.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantu da iyaye, duk wanda hanya ta biyo da shi Jos ya ratse da yara su gani, don gani ya kori ji. Sarakunanmu kuma su dubi sarakunan magina, a ba su aiki da almajirai tun suna da rai. Zanen Dmochowski yana nan a takarda, an buga shi cikin littattafai uku a 1990, amma takarda ba ta kwaɓa ƙasa. Ranar da magini na ƙarshe da ya iya bakan gizo ya kwanta dama, ko da kuɗi a hannu ba mu da wanda zai tayar mana da abin da ya faɗi.