Teburin Kawu

Idan aka kashe mana sojoji, duk mun san abin da ake yi. A sauko da tuta, a yi zaman makoki, liman ya yi addu'a bayan sallar Juma'a, mu kuma mu saka hotunansu a waya. Haka aka yi a Oktoba 2016 da aka kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, nan cikin jaharmu ta Tawa. Haka aka yi a Disamba 2019 bayan Inates, inda 71 suka kwanta dama, haka kuma a Oktoba 2023 da muka rasa 29 wajen iyakar Mali. Amma kowace sanarwa tana da layi na biyu wanda kunne ba ya riƙewa, inda ake cewa wasu kuma sun ji rauni. Ina waɗannan suke zuwa? Me suke yi da shekara talatin ko arba'in da ta rage musu a duniya? Ni dai a gidan ɗaya daga cikinsu na tashi, shi ya sa nake son in ba ku labarinsa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, ɗan wani ƙauye a kan hanyar Barmu. Ya shiga soja a farkon shekarun 1990, lokacin da rikicin da ya tashi a Cintabaradan cikin Mayu 1990 ya riga ya zama tawaye. Ya ga sulhun 24 ga Afrilu 1995, ya ga an ƙone bindigogi a Agadas a shekara ta 2000, ya ɗauka an gama. A 2007 sai wuta ta sake kamawa a Abzin, wannan karon da nakiyoyin da ake binnewa cikin hanya. Manyanmu suna tuna cewa a Disambar wannan shekara har cikin garin Tawa nakiya ta tashi da mota. Ta Kawu ta same shi a 2008, a wata hanyar dutse da ba ya son faɗin sunanta. Biyu daga cikin abokan tafiyarsa ba su tashi ba. Shi kuma ya farka a gadon asibiti, an yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa.

Wanda bai zauna da mai ƙafar roba ba bai san aikin da ke cikinta ba. Da asuba kafin ya tafi masallaci sai ya duba dungun ko ya yi ƙuruji, ya sa safa biyu ko uku, ya ɗaure. A watan Afrilu, lokacin da Tawa ke tafasa, gumi yana taruwa cikin robar har fata ta saɓule, sai ya koma ga sanduna kwana goma. Idan robar ta tsage, gyaran kirki sai Yamai, tafiyar sama da kilomita 500. Wani dare kuma za ka ji shi yana tsaki, ka tambaye shi, ya ce yatsun ƙafar da babu ita ne suke masa ƙaiƙayi. Ina yaro dariya abin yake ba ni. Shi ma yakan yi dariyar, ya ce: “Ƙafar ga ta riga ni zuwa lahira, amma hal yanzu tana aiko min da saƙo.”

Shekara biyu ya yi a zaune a zaure ba ya son ganin kowa. Abin da ya fitar da shi, a faɗarsa, dala biyar ce. Wata Juma'a ya jingina da bangon masallaci yana jiran cunkoso ya ragu, sai wani bawan Allah ya zo wucewa ya danƙa masa dala biyar a hannu, bai ko dubi fuskarsa ba. Kawu ya bi shi da sanduna har bakin titi ya mayar masa da kuɗinsa. Mutumin ya yi ta ba da haƙuri, Kawu ya ce masa ba shi da laifi, sadaka ya yi niyya kuma Allah zai ba shi lada. Amma daren nan bai yi barci ba. Ya ce a ranar ya gane cewa in ya ci gaba da zama, garin zai yanke masa hukuncin abin da ya zama, shi kuwa bai yarda da hukuncin ba.

Aikin da ya kama ya samo shi ne daga wahalar kansa. Neman haƙƙinsa na rauni ya sa ya yi yawon ofisoshi wata da watanni, yau a ce takarda kaza ta ɓace, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. A kan bencin jira ya riƙa haɗuwa da mutanen ƙauye riƙe da takardun da ba su iya karantawa, mafi yawansu kuma matsalarsu ɗaya: takardar haihuwa. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba ku san girman abin ba. Doka ta ba da wa'adi a kai sanarwar haihuwa. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali, da shaidu, ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. To a Adar maza da yawa suna cirani, wani Abijan, wani Libiya, wani Najeriya. Mace ta haihu a gida, a yi suna, a yanka rago, a watse, ba wanda ya je wurin hukuma. Sai yaro ya kai ajin jarrabawa mushe ya ce a kawo takarda, a nan ne uwa take jin labarinta. Akwai waɗanda karatunsu ya tsaya a daidai nan, da ƙwaƙwalwarsu da komai.

Kawu ya yi lakkwal har aji shida, soja kuma ta koya masa rubuta rahoto. Sai ya sayi tebur ƙarami da kujera biyu, ya kafa a gindin wani dogon yaro kusa da inda mutane ke jiran ofis. Ba ya karɓar ko tamma. Yana gaya wa mutum abin da zai kawo, da ƙofar da zai shiga, da kuɗin da doka ta ce ya biya, don kada wani ya ninka masa a hanya. Wanda bai san shekarar haihuwar ɗansa ba, Kawu ya zauna da shi su lissafa: kafin farar 2004 ne ko bayanta, damina nawa ke nan, wa ya riga shi cikin ɗiyan maƙwabta. Kowane suna yana shiga babban littafi mai layi-layi, da ƙauye, da ranar da aka kai takarda, da ranar da aka ce a dawo. In ta fito ya ja jan layi. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, tun hantsi za ka ga layi a gabansa, mata daga Kalfu, Afala, Bambay, wasu da goyo. In ya ji za a kawo zaman alƙali na tafi-da-gidanka wani ƙauye, kwana uku kafin ranar ya hau motar kasuwa ya je ya tara sunaye gida-gida, don kada alƙali ya zo ya tarar mutane suna gona.

Akwai abin da ya fi ba ni mamaki. A Maris 2021, bayan an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, iyalai da yawa sun gudo ba su ɗauki komai ba, wasu takardunsu sun ƙone, wasu dama ba su taɓa yi ba. Yawancinsu Buzaye ne. Na ji da kunnena wani ya ce wa Kawu, ai dangin waɗanda suka cire maka ƙafa ke nan. Kawu bai ɗaga kai daga rubutu ba, ya ce: “Wanda ya binne nakiya ban san shi ba. Waɗanga kau na san su, ga sunayensu nan.” Da guntun Tamajak ɗin da ya tsinta a bakin daga ya riƙa yi musu tambaya. Cikin masu zuwa shan shayi wurinsa da la'asar har da wani dattijo da ya taɓa riƙe bindiga a ɗaya ɓangaren kafin sulhun 1995. Ba sa zancen yaƙi. Gardamarsu ba ta wuce farashin raƙumi da wanda ya fi wani iya dafa shayi. Kawu yakan ce mu da muke jami'ar da ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, mutumin da ya rubuta tarihin Adar, ya kamata mu fi kowa sanin cewa gidan sarautar Adar na Illela daga Agabba ya taso, ɗan Sarkin Agadas. Adar da Abzin tuwona maina ne tun kafin a haifi kakanninmu.

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Kawu yana da zafin rai. In ka ce masa ƙarfe takwas ka zo takwas da kwata, sai ka sha faɗa a gaban jama'a ko da ka girme shi. Akwai tsofaffin da suka yi fushi suka tafi saboda tsawarsa, sai daga baya ya aika a yi musu biko. Gida ma ya biya kuɗin wannan aiki. Matarsa, da muke kira Iya, ita ke tuyar ƙosai da safe tana cike giɓin ɗan abin da yake samu. Na sha jin ta tana cewa mutumin da ke cika wa duniya takarda kyauta, a gidansa ana bin bashin kuɗin littafin yara. Gaskiyarta. Wata shekara kuɗin da aka tara don canza masa ƙafa ya tafi a kuɗin mota da hotunan wasu marayu, ya ƙara wata takwas da tsagaggiyar roba ɗaure da igiyar taya. Har yau in aka tayar da zancen, Iya takan tashi ta bar wurin. Ban san wanda zan ba gaskiya cikinsu ba, kuma ina jin duka biyun suna da ita.

A ƴan shekarun nan wasu baƙi sun ƙaru a teburin: matan sojojin da suka rasu, da samarin da suka dawo da rauni. Waɗannan samarin tsararrakinmu ne, da wasu muka yi firamare. Akwai wani da ya dawo babu hannun dama, wata uku bai fita ƙofar gida ba. Uwarsa ce ta zo ta roƙi Kawu. Da ya je bai yi masa wa'azi ba, bai kuma ce masa jarumi ba. Ya ajiye masa littafi da biro ya ce: “Hannun hagu ma hannu na. Nan da wata biyu ina son ka iya rubuta sunan mutum da na ƙauyensu, ina da aiki.” Yanzu shi ke zama a kujera ta biyu ran Lahadi. Rubutunsa kamar tafiyar kaza, amma ana karantawa.

Kawu yakan gaya wa irin waɗannan samari labarin mazan jiya da ya tarar yana yaro, waɗanda suka yi wa Faransa yaƙi. A 1959 Faransa ta daskarar da kuɗin fanshon sojojinta na Afirka, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawansu suna ƙasa. Darasin da yake cirowa shi ne, ka bi haƙƙinka da takarda, kada ka gaji, kada ka ji kunya, amma kada ka zauna jiran sa, don yana iya zuwa ya tarar ba ka nan.

Tun 2023 ba abin da muke ji a bakinmu kamar zancen ƙasa ne. Mun rera shi a titi, mun rubuta shi a riga. Ni dai na ga wani yanki na zancen ƙasa da idona, kuma ba shi da daɗin kallo: zama ne cikin rana, da maimaita wa tsohuwa magana sau huɗu, da komawa ofis ɗaya sau biyar saboda an rubuta Hasana a maimakon Husaina. Yarinyar da aka gyara wa wannan suna ta zauna BEPC bana.

Idon Kawu ya fara rauni. Yanzu sai ya nisanta takarda da tsawon hannu kafin ya gane lamba, kuma sau biyu na gan shi ya tsallake layi. Ba zai faɗa ba, kun san soja. Mu kuwa a ƙungiyar nan mun haura ashirin, kowa ya iya Faransanci, kowa yana taƙama da alƙalami. Na tambaye shi ko zai karɓi ɗalibai biyu-biyu duk Lahadi, mu riƙe masa littafi mu koyi hanyar ofisoshin. Ya yi shiru, sannan ya ce sharaɗinsa biyu: ba a karɓar ko goro daga hannun kowa, kuma ƙarfe takwas tana nufin ƙarfe takwas. Na sa sunana a Lahadin farko. Takardar tana wurin sakatarenmu, akwai sauran layi, wanda ya san ba ya iya tashi da wuri don Allah kada ya rubuta.