Tayin da Ba a Ce wa Albarka

Shawara mafi muni da na taɓa bayarwa a rayuwata, da kyakkyawar niyya na ba da ita, kuma da murya irin ta wanda ya san abin da yake faɗa. Wadda na bai wa ƙanwata ce, 'yar kawuna, mai 'ya'ya uku, da ke zaune a Landan. Ta ɗauka don ta yarda da ni, kuma ita da yaranta ne suka ɗanɗana kuɗar abin, ni kuwa ina kwance a ɗakina.

Bayan rasuwar mijinta, mai gidan da suke haya ya ba ta takardar tashi, irin wadda a lokacin dokar Ingila take ba masu gidaje damar bayarwa ba tare da faɗin dalili ba. Albashinta na aikin kula da tsofaffi bai isa ya kama wani gidan a unguwar ba, sai ta kai kukanta ƙaramar hukuma, wato kansul kamar yadda mutanenmu suke cewa. A Ingila wannan ba roƙon alfarma ba ne. Tun 1977 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar wa wasu rukunin marasa muhalli wurin zama, kuma dokar gidaje ta 1996 ce ke tafiyar da lamarin a yau. Daga 2018 aka ƙara musu wani nauyin: su yi kwana 56 suna ƙoƙarin hana mutum rasa gidansa, in ya rasa kuma su yi wasu 56 suna taya shi neman wani. Mai yara ƙanana ko mai juna biyu, matuƙar takardunta na zaman ƙasa sun ba ta dama, dole a ba ta inda za ta sa haƙarƙarinta kafin a gama bincike. Shi ne masaukin wucin gadi.

Nata masaukin ɗaki ɗaya ne a wani ƙaramin otal. Banɗaki na tarayya, kicin na tarayya, babbar 'yarta kuwa a kan gado take aikin makaranta, littafi a cinya. Ƙa'ida ta ce kada iyali mai yara ya wuce mako shida a irin wannan wuri, amma sun wuce. Daga baya hukumar ta amince cewa nauyinsu na kanta, ta aiko da wasiƙa: an samo musu gida mai ɗakunan kwana biyu, da kicin da banɗakinsu na kansu, sai dai a wajen Landan, tafiyar sama da awa guda a jirgin ƙasa. An ba ta ɗan gajeren lokaci ta amsa.

Ta kira ni da dare, murya na rawa. "Yaya, ka ga abin da suka aiko. Makarantar yara fa? Aikina fa? Ko mutum ɗaya ban sani ba a garin."

Na ce ta turo mini hoton wasiƙar. A ciki an rubuta ƙarara cewa in ta ƙi wannan gida alhali ya dace da ita, nauyin hukuma a kanta zai iya ƙarewa. Na karanta wannan layi da idona, na kuma yi masa fassarar da raina ke so: barazana ce kawai. Na ce mata, "Kada ki karɓa. In kika nuna musu sauƙi, can za su mance da ke. Ki tsaya tsayin daka, za su kawo wanda ya fi."

Abu biyu ne suka kai ni ga faɗin haka. Na farko, tarbiyyar kasuwa. Mun taso muna ganin ba a sallamawa a tayin farko. Mai kaya ya ce albarka, mai saye ya ƙara, har a daidaita. Na ɗauki ma'aikacin gidaje kamar mai sayen da ke da sauran kuɗi a aljihu yana ɓoyewa. Na biyu ya fi muni, domin da rigar ilimi ya zo. Na taɓa jin labarin Titina Nzolameso, uwa mai 'ya'ya biyar, wadda hukumar Westminster ta yi wa tayin gida a yankin Milton Keynes, kimanin mil 50 daga Landan. Ta ƙi, aka janye mata tallafi, ta yi shari'a har Kotun Ƙoli, kuma a 2015 kotun ta ba ta gaskiya. Iyakar abin da na riƙe ke nan: ta ƙi, ta yi nasara. Sai daga baya na karanta tsakiyar labarin. Kafin nasarar ta zo, matar ta rasa wurin zama, an raba 'ya'yanta a gidajen riƙo daban-daban, kuma ta sha kaye a kotuna biyu na ƙasa. Hukuncin ma bai hana kai mutane nesa ba. Cewa ya yi dole hukuma ta nuna ta nemi wuri mafi kusa, ta kuma auna maslahar yara. Tun daga lokacin ƙananan hukumomi suka koyi rubuta dalilansu dalla-dalla, ta yadda zai yi wuya a kama su da laifin da aka kama Westminster. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, nawa kuwa a wuyan wata na ɗaura shi.

Ƙanwata ta rubuta ta ce ba ta so. Ba da jimawa ba wata wasiƙar ta iso: hukuma ta sauke nauyinta, ga ranar da za ta bar otal.

Sai a lokacin muka je wata cibiyar ba da shawara kan shari'a, inda ya kamata mu fara zuwa. Lauyar ta karanta takardun, ta ɗago kai ta tambaye ta, "Wa ya ce ki ƙi?" Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ta yi shiru. Kunya ba za ta bar ta ta nuna yayanta a gaban baƙuwa ba. Ni ma na yi shiru na ɗan lokaci, kuma wannan shirun yana cikin abin da nake jin nauyinsa har yau. Da ƙyar na buɗe baki na ce ni ne.

Bayanin da lauyar ta yi mana gajere ne. Doka ta ba mutum damar ya karɓi gidan, ya shiga, sannan a cikin kwana 21 ya nemi a sake duba ko ya dace da shi. In aka ba shi gaskiya, sai a canza masa. In ba a ba shi ba, yana nan da rufi a kansa, nauyinsa kuma na nan a kan hukuma. Wanda ya ƙi shi ma yana iya neman a sake dubawa, amma ya sa komai nasa a caca: in ya faɗi, ya rasa gidan, ya rasa haƙƙin. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su Shelter da Citizens Advice kusan kullum magana ɗaya suke maimaitawa: karɓi tukuna, sannan ka yi ƙorafi. Wannan damar ma tana rubuce a shafi na biyu na wasiƙar farko. Ban kai can ba, domin na riga na yanke hukunci tun a shafi na ɗaya.

An nemi a sake duba lamarin, amma ba a yi nasara ba. Hukumar ta nuna cewa akwai guraben makaranta a garin, babu yaron da ke shekarar jarrabawar ƙarshe, kuma aikin kula da tsofaffi ana samunsa a can. Dalilan da muka ɗauka manya, a ma'aunin doka ba su kai ba.

Da na san yadda rumbun yake, da ban yi tunanin akwai wani tayi a ɓoye ba. A ƙarshen 2010, iyalan da ke masaukin wucin gadi a Ingila ba su kai 50,000 ba. Zuwa Maris na 2025 sun haura 130,000, da yara kusan 170,000, kuma fiye da rabinsu ƙananan hukumomin Landan ne ke ɗauke da su. Kimanin uku cikin kowane goma, a wajen yankin hukumarsu aka ajiye su. Tushen abin ya daɗe. Tun 1980, lokacin Margaret Thatcher, aka ba masu haya a gidajen hukuma damar sayen gidajen da rangwame. An sayar da kimanin miliyan biyu, ba a kuma gina madadinsu daidai da haka ba. Yanzu hukumomin na hayar ɗakuna daga 'yan kasuwa, wani lokacin a kan farashin kwana-kwana, har abin da suka kashe a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ya haura fam biliyan biyu. Kuɗin da gwamnatin tsakiya ke mayar musu kuwa an ɗaure shi a kan farashin hayar Janairun 2011. Ma'aikacin da na ɗauka yana ja mana rai ne, bayansa akwai dogon layin iyalai, kuma gidan da ƙanwata ta ƙi, tabbas wata uwar ce ta shige shi.

Ba ina wanke tsarin ba ne. Raba yaro da makarantarsa da abokansa cuta ce, kuma wucin gadin da kan kai wasu iyalai shekaru ya daina zama wucin gadi. Fushina a kan haka yana bisa hanya. Inda na ɓata shi ne na bar fushin ya zama shawara. Wanda zai yi jayayya da hukuma mai ƙarfi, ya fara tabbatar da inda yara za su kwana, sannan ya ɗaga murya.

Sashen kula da yara na hukumar, a ƙarƙashin dokar yara ta 1989, ya riƙe su na ɗan lokaci don kada su kwana a titi. 'Yan'uwa da mutanen masallacinmu suka yi karo-karo, aka haɗa kuɗin ajiya da hayar watan farko, ta kama gidan haya a hannun ɗan kasuwa. Garin da ta samu mai araha ya fi wanda aka yi mata tayi nisa. Yaran sun canza makaranta, ita ma ta canza wurin aiki. Duk abin da na ce ina kare ta daga gare shi ya same ta, ga kuma asarar matsayin da take da shi a wajen hukuma.

Na je har gidan na ce, "Ki yafe mini, ni na jefa ku a wannan hali." Ta ce, "Haba Yaya, ai rabo ne. Allah bai nufa mu zauna can ba." Na yarda da ƙaddara, na kuma gode mata. Amma yafiyarta kyauta ce daga gare ta, ba hujja ba ce a gare ni. Ita tana da damar ta ce rabo. Ni abin da ya wajaba a kaina shi ne in ce na yi magana a kan abin da ban ƙware ba.

A cikin al'ummarmu ta ƙasar waje, wanda ya riga zuwa, ko ya fi jin Turanci, nan da nan yake zama lauya da likita da jami'in shige da fice. Ana kawo masa wasiƙa da ladabi, shi kuma yana jin kunyar ya ce a tambayi wani. Girman da ake ba mu shi ne haɗarin, domin ƙanwa ba ta yi wa yayanta gardama, ko da zuciyarta na raya mata akasin abin da ya faɗa. Yanzu in aka kawo mini irin wannan takarda, ina karanta ta har ƙarshe, in ja layi a ƙarƙashin ranar da wa'adi zai cika, in ce kada a ce a'a, kada kuma a bar gida, sai an ga masani. Taimakon lauya kyauta ga mai ƙaramin ƙarfi da ke fuskantar rashin muhalli yana nan a dokar Ingila. Aikina shi ne in nemo lambar waya, in raka mutum, in yi tafinta in da buƙata. Hukuncin karɓa ko ƙi kuwa na bar wa wanda ya san doka da wadda za ta zauna a gidan.